Ba duk Bayahude ne bakinsa ɗaya da Isra'ila ba

Jama'a, a teburin mai shayi nan Garoua da an taso da zancen Gaza sai ka ji an haɗa Yahudawan duniya kaf an yi musu kuɗin goro, abin yana damuna wallahi don ba haka yake ba.

Wajen rabinsu ba a Isra'ila suke zaune ba, mafi yawa suna Amurka, sai Faransa. Tun 1950 akwai dokar da ta ba kowane Bayahude damar zuwa ya zama ɗan ƙasa amma miliyoyi sun yi zamansu inda suke, wasu na tura kuɗi, matasa na zuwa ziyarar kwana 10 kyauta a shirin Birthright da aka fara 1999, ga ƙungiyar AIPAC mai goyon bayan Isra'ila tana kamun ƙafa a majalisar Amurka. Wanda kakanninsa suka sha da ƙyar a hannun Hitler, shi kam mafaka yake kallon ƙasar.

To amma fa akwai ƙungiyoyin Yahudawa irin su J Street masu son a kafa ƙasa biyu, ta Isra'ila da ta Falasɗinu, akwai Jewish Voice for Peace da ke fita zanga-zanga kan Gaza har 'yan sanda su kama su. 'Yan Neturei Karta kuwa, Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, da baƙar hula da dogon gemu, tutar Falasɗinu suke ɗagawa, sun ce haramun ne kafa ƙasar kafin zuwan Almasihun da suke jira.

Mu ma Hausawan Kamaru muna da dangi a Kano, muna sonsu, amma wa zai yarda a tuhume shi da abin da gwamnatin Abuja ta aikata?