Kafin ka buga kati da sunan shugaban kamfani

Ƙannena masu rubuta manhaja a Sakkwato, ko kuna Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko kun gama hidimar ƙasa kuna shirin kafa kamfani, ga inda mu da muka riga ku muka yi tuntuɓe. Yawancinmu mun iya kwamfuta, shi ya sa muka ɗauka mun iya shugabanci. Amma aikin shugaban kamfanin fasaha takardu ne da lissafi da zama da mai saye, rubutun manhaja kuwa na iya komawa hannun wani.

A fara da takardu, don nan zumunci ya fi lalacewa. Ana ɗaukar rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, daidai take da rajistar kamfani, alhali ba haka ba ne. Sunan kasuwanci ba shi da hannun jari da za ka sayar wa mai zuba kuɗi, kuma in bashi ya hau, kai za a bi har gida. Kamfani mai hannun jari shi ne abin yi, kuma tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma na iya yi wa ƙaramin kamfani rajista.

Sai rabon hannun jari. Abokai uku su zauna a majalisa bayan la'asar, su raba kashi uku daidai, ba rubutu ba sheda, don kunya ta hana a kawo zancen lauya. Bayan wata takwas ɗaya ya samu aiki a Abuja ya tafi da kasonsa, sauran biyu su yi shekaru suna yi masa wahala. Maganinsa sananne ne a wannan harka: kowa ya mallaki kasonsa sannu a hankali cikin shekara 4. Wanda ya bar kamfani kafin ya cika shekara 1 ba ya fita da komai, wanda ya cika yana da kashi ɗaya cikin huɗu na kasonsa, sauran kuma na shigo masa wata-wata. A rubuta wannan, a kuma rubuta yadda za a yi da magada in ajali ya zo wa ɗayanku. Kada kunya ta hana ku. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana.

A takarda ɗaya kuma, duk wanda ya rubuta wa kamfani manhaja ya sa hannu cewa aikin na kamfani ne. Sunan shafin intanet, asusun GitHub (inda ake ajiye rubutun manhaja), asusun Play Store (inda ake sauke manhajar waya) da layin wayar da banki ke turo lambar sirri, duk su kasance da sunan kamfani, mutum biyu na da makullinsu. Kamfanoni sun tsaya cak saboda yaro ɗaya ya yi fushi ya kashe wayarsa.

Na biyu kuɗi. Lamba ɗaya ce ya wajaba shugaba ya sani ko daga barci aka tashe shi: wata nawa ya rage kuɗin asusu su ƙare. In akwai naira miliyan 6, kana kashe miliyan 1.2 a wata, abin da ke shigowa dubu 200 ne, to wata 6 gare ka. In ya sauko wata 4 ba ka fara rage kashewa ko neman jari ba, ka makara, don neman jari kansa na cin watanni. A lissafin ka sa man janareta, ka sa batiran da zafin Afrilu ke gajiyarwa kafin lokacinsu, ka sa harajin albashin ma'aikata. Ka kuma kula da abin da kake biya da dala. A watan Yunin 2023, da aka saki farashin naira, dala ta tashi daga wajen 460 zuwa sama da 700 a kasuwar hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Wanda ke hayar sabar (kwamfutar da ke ɗauke da manhajarsa a intanet) a ƙasar waje yana karɓar kuɗi da naira ya ga kashewarsa ta ninka sau uku ba tare da ya ƙara mai saye ko ɗaya ba.

Kwangilar gwamnati kuwa, a karɓa in ta zo, amma kada a ɗauki ma'aikata a kanta. Takardar amincewa ba kuɗi ba ce. Ka nemi kafin alƙalami, ka raba aikin mataki-mataki, kowane mataki da biyansa.

Na uku, mai saye. Kafin ka rubuta layi ɗaya, je Kasuwar Kara ka zauna da dillalin albasa. Ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Alhaji, cikin aikin nan me ya fi ci maka kuɗi?" Sannan ka yi shiru. Za ka ga littafin bashinsa da bangon ya cinye, wani shafi da boko wani da ajami, za ka ga saƙon murya yake turawa ta WhatsApp ba rubutu ba, kuma damuwarsa ita ce ko motar da ta tashi zuwa kudu ta isa kafin kaya su fara ruɓewa. Manhajar da ke buƙatar karatun Turanci da babbar waya ba tasa ba ce. Kuma "Allah ya sa albarka, abu ya yi kyau" ba ciniki ba ne. Ka faɗi farashi, ka ga ko zai sa hannu a aljihu. Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, matsala ɗaya ya kama, wato karɓar kuɗi ta intanet, har kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 kan sama da dala miliyan 200. In naka aikin ma ya shafi riƙe kuɗin mutane, sai da lasisin Babban Bankin Najeriya ko haɗin gwiwa da mai lasisi, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kanka daga ranar da ka fara tara sunaye da lambobin waya.

Ranar da mai zuba jari ya zo, ka yi lissafi kafin murna. Ku biyu ne, kowa na da kashi 50 cikin ɗari. Kun sayar da kashi 20, kowa ya koma 40. Kun sake sayar da 20, kowa ya koma 32. Kujerar shugaba kuwa tana hannun kwamitin daraktoci, kuma kwamiti na iya sauke wanda ya kafa kamfanin. Haka Steve Jobs, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Apple, ya bar shi a 1985 bayan kwamiti ya karɓe ikonsa, bai dawo ba sai 1997. Don haka ka karanta wurare uku a yarjejeniyar: kujeru nawa mai jarin zai samu a kwamiti, waɗanne shawarwari ba za su wuce ba sai da yardarsa, da kuma wa za a fara biya in an sayar da kamfanin. Lauyan da zai duba maka ya zama kai ka ɗauko shi, kai kake biyansa, ba wanda mai jarin ya zo da shi ba.