Tara littattafan fatalwa na ƙananan maɗaba'u: abin dubawa kafin a biya kuɗi

A 1939, a wani ƙaramin gari mai suna Sauk City a jihar Wisconsin ta Amurka, August Derleth da Donald Wandrei suka haɗa kuɗi suka buga labaran abokinsu H. P. Lovecraft, wanda ya rasu a 1937 manyan kamfanonin ɗab'i ba su kula shi ba. Kwafi 1,268 suka fitar na The Outsider and Others, kowane a kan dala 5, kuma sai da aka kwashe kusan shekara huɗu kafin ya ƙare. Yau kwafi mai lafiya da rigarsa ta asali, wato takardar da ke lulluɓe da bangonsa, dubban daloli ake magana. Maɗaba'ar tasu, Arkham House, ita ta share hanyar da ake bi har gobe: mutum ɗaya ko biyu, 'yan ɗaruruwan kwafi, labaran fatalwa da aljanu da abubuwan ban tsoro waɗanda manyan kamfanoni ke ganin ba za su kawo riba ba.

Masu wannan aiki yanzu ba su da yawa, kuma mai tarawa zai iya haddace su a wuni ɗaya. A arewacin Yorkshire ta Ingila akwai Tartarus Press, wadda R. B. Russell ya kafa a 1990, yana tafiyar da ita tare da Rosalie Parker. A Dublin akwai Swan River Press ta Brian J. Showers tun 2003. Ash-Tree Press ta Christopher da Barbara Roden ta fara a 1994, ta yi yawancin aikinta daga Ashcroft a Kanada, ta tono marubuta da dama da aka manta da su, sai dai yanzu ta daina fitar da sababbin littattafai. Sai Centipede Press a Colorado, Zagava a Jamus, Sarob Press da ta tashi daga Wales ta koma Faransa. Kowace da halinta, kuma shawarar farko ita ce ka zaɓi layi ɗaya: maɗaba'a ɗaya, ko marubuci ɗaya, ko zamani ɗaya. Wanda ya ce duk zai tara, aljihunsa zai ƙare kantarsa ba ta da kan gado.

Abu na farko da ake buɗewa a irin wannan littafi shi ne shafin iyaka, wato shafin da maɗaba'a ta rubuta adadin kwafin da ta buga. Wani lokaci yana gaba kafin shafin take, wani lokaci can ƙarshe. A nan ake gane matakin kwafin da ke hannunka, domin littafi ɗaya kan fito a mataki biyu ko uku. Akwai na gama-gari marar lamba. Akwai mai lamba, inda za ka ga an rubuta da hannu, misali 47 cikin 300, sau da yawa da sa hannun marubuci. Akwai kuma mai harafi, kwafi 26 daga A zuwa Z, wasu maɗaba'u kan ninka su kai 52. Shi wannan yakan zo da bangon fata da akwatinsa, kuɗinsa kuma ya ninka na mai lamba sau da dama.

A wannan shafi ne ake yawan cutar sabon shiga. Za ka ga kwafin da a gurbin lamba an rubuta PC. Wannan kwafin maɗaba'a ne, cikin rarar da ake bugawa don a ba marubuci da mai zane, ko a maye gurbin wanda ya lalace a hanya. Ba jabu ba ne, amma ba ya cikin ƙidaya, kuma yawancin masu saye ba sa biyansa kuɗin mai lamba. Za ka kuma ga wanda aka bar gurbin lambar fayau, shi ma haka. Dalilin da ya sa irin waɗannan ke yawo da sa hannu na gaskiya shi ne, ba littafin ake kai wa marubuci ba. Takardun sa hannu ake aika masa tun kafin a ɗinke, ya sa hannu a kan ɗaruruwa har da rara, a mayar wa mai ɗinki ya haɗa su ciki.

Sai a lura da wanda ya sa hannun. M. R. James ya rasu a 1936, Arthur Machen a 1947, Robert Aickman a 1981. Duk sabon bugu na aikinsu da aka ce maka "mai sa hannu ne", to hannun edita ne, ko mai zane, ko wanda ya rubuta gabatarwa. Wasu maɗaba'u kan buga hoton sa hannun mamacin, su kuma faɗi haka a fili, amma dillali a intanet ba lallai ya faɗa ba. Ka karkata shafin a gaban haske: tawadar alƙalami tana da kauri da siranta, tana barin ɗan sawu a takarda, ta inji kuwa shimfiɗe take bai ɗaya.

Kada kuma ƙarancin adadi shi kaɗai ya ruɗe ka. Littafin da aka buga kwafi 100 amma mutum 60 ne ke nemansa, zai zauna a kan kuɗinsa na asali ko ƙasa da haka har abada. Abin da ke ɗaga farashi shi ne masu nema su fi kwafi yawa. Littafin farko na Ray Bradbury, Dark Carnival, Arkham House ce ta fitar a 1947, kwafi sama da 3,000, amma ya fi littattafai da yawa masu kwafi 200 tsada nesa ba kusa ba, saboda abin da marubucin ya zama daga baya. Haka The Loney na Andrew Michael Hurley: Tartarus ta buga 'yan ɗaruruwa a 2014, kamfanin John Murray ya karɓa a 2015, littafin ya ci kyautar adabi ta Costa a Birtaniya, sai bugun farko ya yi tashin gwauron zabi. Babu wanda ya isa ya hango irin wannan. Shi ya sa a ganina wanda ya shigo don riba ya yi ɓatan kai. Ka sayi abin da za ka karanta, in ya yi daraja, ƙari ne.

Wani tarko kuma shi ne maimaita bugu. Arkham House ba ta cika sake buga littafi ba, amma kundayen Lovecraft da ta fitar a shekarun 1960 an maimaita su sau da yawa, a shekarun 1980 kuma aka sake su da gyararren matani na S. T. Joshi. Tartarus ma takan sake buga wanda ya ƙare. Don haka ka nemi hoton bayan shafin take, ka karanta da idonka ko bugu na nawa ne, sannan ka gwada da abin da ke rubuce a ISFDB, rumbun intanet na kyauta da ke ɗauke da shekara, farashin asali da sunan mai zanen bango na yawancin waɗannan littattafai.

Daga nan sai riga, wato takardar da ke lulluɓe da bango. A tsofaffin littattafai, rigar kan ɗauki fiye da rabin darajar kwafin. Ka duba kusurwar ciki inda farashi yake, ko an yanke ta da almakashi. Ka duba ƙashin baya, ka gwada launinsa da na gaba: in ya kwashe, rana ta ci shi, kuma wannan ba ya gyaruwa. Ja da ruwan ɗorawa su suka fi saurin kwashewa. Rigunan Tartarus launin madara ne, ko ɗan yatsa mai maiƙo ya taɓa sai ya nuna. Ana kuma buga rigunan kwaikwayo na tsofaffin littattafan Arkham. Ba laifi ba ne in an faɗa, amma in ka ga littafin 1940 da wani abu bangonsa ya gaji, rigarsa kuwa tana ƙyalli kamar jiya aka yi ta, ka tsaya ka yi tambaya. Takardar da ta shekara tamanin takan yi duhu ta ciki.

Jikin littafin ma yana magana. Ka dubi samansa kusa da ƙashin baya: in ka ga takardu a ninke ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da zare a tsakiyarsa, ɗinki ne, zai buɗe sosai kuma zai daɗe. In a yanke suke tsaf an manne da gam, wata rana shafuka za su fara zubewa. Maɗaba'ar da ta karɓi kuɗin bugu na musamman ta ba ka na gam ta rage maka mudu. Hatimin laburare, aljihun kati, tabon salatif, ko ɗigo-ɗigon ja-ja-ja kamar tsatsa a gefen takarda, duk suna karya farashi. A sani kuma, a ma'aunin dillalan Turai da Amurka, kalmar da ke nufin "mai kyau sosai" mataki na uku ce, ba na farko ba, "mai kyau" kawai kuwa na nufin littafin ya sha hannu.

Wurin saye mafi sauƙin kuɗi shi ne wurin maɗaba'ar kanta, ranar da ta sanar. Ka shiga jerin masu karɓar saƙonta na imel, domin bugu mai kwafi 200 ko 300 na marubucin da ake so kan iya ƙarewa cikin kwanaki, wani lokaci cikin sa'o'i. Wasu maɗaba'un Amurka kan ba mai riƙe da wata lamba damar fara sayen wannan lambar a littafi na gaba. In ka tsallake ɗaya, damar ta wuce ga wani. Haɗarin biya tun kafin a buga shi ne jinkiri. Sana'ar mutum ɗaya ce, rashin lafiya ko matsalar mai ɗinki na iya tsayar da littafi shekara biyu, kuma an sha ganin waɗanda suka durƙushe da kuɗin mutane. PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, kwana 180 yake bayarwa na shigar da ƙorafi. In an ce littafin sai baɗi, ka san kariyarka za ta ƙare kafin ya fito, don haka ka duba ko maɗaba'ar ta saba cika alkawari.

In littafi ya riga ya ƙare, sai kasuwannin intanet irin su AbeBooks, Biblio ko eBay. Farashin da ka gani a rataye ba shi ne farashin kasuwa ba. Akwai kwafin da ya shekara biyar a kan kuɗin da ba mai biya. A eBay ka duba waɗanda aka riga aka sayar. Kada ka yi cinikin biri a sama: ka nemi hoto biyar, na gaba, na ƙashin baya, na shafin iyaka, na bayan shafin take, da na bango bayan an cire riga. Ka kuma roƙi a sa shi cikin leda, a saka a kwali mai cushe na kamar santimita 5 ta kowane gefe. Ambulan mai laushi ita ce ke lotsa kusurwa, kuma kusurwar da ta lotsa ta sauke kwafi mataki guda.

Da ya iso, ka yage ledar da maɗaba'a ta naɗe shi. Na san kwafin da ba a buɗe ba ya fi tsada a wurin wasu, amma ledar nan tana ƙara matsewa da zafi har ta lanƙwasa bango, tana riƙe laima, kuma ba za ka san ko an juya wasu shafuka ba sai lokacin da babu sauran kwafin musanya. Ka sa wa rigar kariya ta foliyesta mai haske, irin ta kamfanin Brodart, wadda ake ninkewa ba tare da gam ba. Ledar PVC ba ta dace ba, tana yin danƙo ta ɗauke tawada.

Ga mai ajiya a Kano ko Maraɗi, a nan ne aikin yake. Takarda ta fi son zafi kusa da digiri 18 zuwa 20 da laimar iska tsakanin kashi 40 zuwa 55. Mu kuwa a hunturu laima kan faɗi ƙasa da kashi 20, bango ya bushe ya ɗaga baki, gam ya yi ƙaras. A watan Agusta ta haura 70, inda fumfuna ke fara tsirowa. Hawa da saukar nan ya fi zafin kansa ɓarna. Kabad mai ƙofa da ke rufuwa sosai yana rage shi, ya kuma tare ƙura. Ka jefa ƙaramin ma'aunin laima a ciki, da damina ka ƙara ƙunshin tsakuwar shan danshi, irin wadda ake samu a kwalin sabon takalmi, kana busar da ita a rana in ta jiƙa. Kabad ɗin ƙarfe ya fi na katako saboda gara. Ka janye shi daga bangon da ruwa ke duka, kantar ƙasa ta ɗaga aƙalla santimita 15, kuma ka riƙa leƙa bayansa duk wata, domin gara ta baya take shiga, ta cinye ciki ta bar maka ƙashin baya lafiya lau.

Littattafai su tsaya a miƙe, masu tsayi ɗaya kusa da juna, ba a cunkushe ba. Manya masu nauyin kilo biyu a kwantar da su, kada su wuce uku a jere. In za ka ciro, ka tura na gefensa ciki ka kama tsakiyar ƙashin baya. Ja da yatsa daga sama shi ke yaga kan riga. In ka ga ƙwari a kwafi mai bangon yadi, ka rufe shi ruf a leda, ka sa a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili na mako guda, sannan ka bar shi a cikin ledar kwana ɗaya kafin ka buɗe, don raɓa ta taru a waje ba a kan takarda ba. Wannan sai inda wuta ba ta yankewa, domin narkewa da daskarewa a kai a kai zai jiƙa shi. Mai bangon fata kada ka gwada masa haka, kada kuma ka shafa masa mai.

Lambar kwafi, wurin da ka saya, kwanan wata da kuɗin da ka biya, ka rubuta su a wani littafin daban, ka ajiye rasit da katin da maɗaba'a ta haɗo da shi a ambulan mai sunan littafin. Swan River takan haɗo da kati ko hoto a wasu kwafin, kuma mai saye na gaba zai tambaye ka ina yake.