Yadda muke haƙa kabarin ƙonanniyar gawa a gindin kafaffen dutse

A karkarar yammacin Wales, cikin filayen kiwo, akwai dogayen duwatsu da mutanen dā suka kafa a tsaye. Da yawansu na zamanin tagulla ne, wajen shekara 4,000 da suka wuce. Aikinmu na masu binciken kayan tarihi a gindin ɗaya daga cikinsu ya fara da takarda, domin a Ingila da Wales ba a ɗaga ragowar ɗan Adam sai da lasisin Ma'aikatar Shari'a.

Bayan mun kwashe ƙasar sama, sai wani baƙin da'ira ya bayyana, cike da gawayi da fararen ɓarɓashi. Ƙashi ne. Farinsa ya nuna wutar ta kama sosai, ta haura digiri 600. Wanda bai ƙone da kyau ba baƙi yake fitowa ko ruwan toka.

Ba mu tsinci ƙashi ɗaya-ɗaya ba. Mun riƙa kankare ramin santimita 2 bayan santimita 2, kowane hawa da jakarsa da lambarsa, kuma ba mu zubar da ko ƙwayar ƙasa ba. Wanda ya tsinci manyan ya bar sauran, ya yi asarar haƙora da ƙasusuwan yatsu, waɗanda sau da yawa su ke nuna akwai jariri tare da babba. A ɗakin bincike aka wanke ƙasar a rariya mai ido milimita 10, da 5, da 2. Babban mutum idan an ƙone shi yakan bar ƙashi fiye da kilo ɗaya, amma a irin waɗannan ramuka ƴan giram ɗari kaɗan ake samu. Ba duka mutanen dā suke binnewa ba.

A rami na biyu tukunyar ƙashi ce a kife, garma ta riga ta fille gindinta. Irin wannan ba a buɗe ta a fili. Mun naɗe ta da bandeji, muka zura faranti a ƙarƙashi, muka ɗaga ta da ƙasarta. Kada a bar ta a rana, don yumɓun yana bushewa ya tsage.

Inda aka fi yin kuskure shi ne shekarun dutsen. Samun kabari kusa da shi bai nuna tare aka yi su ba. Ana iya binne mutum a gindin dutsen da ya shekara ɗaruruwa a tsaye. Sai an duba wane rami ya yanki wani: ramin kabarin ne ya ci gefen ramin dutsen da ƙananan duwatsun da aka tokare shi da su, ko akasin haka? A wurinmu na kabarin ne ya ci, wato dutsen ya riga shi.

Don gwajin kabon-14, wanda ake gano shekarun abu da shi, mun aika ƙashin da ya yi fari fat, da gawayin ƙaramin reshe. Gawayin tsohon itace mai daɗewa, kamar oak, yakan ƙara wa sakamako shekaru masu yawa.

Muna ajiye komai da kyau saboda abin da ya faru a Stonehenge, sanannen da'irar duwatsun dā da ke Ingila. Ƙasusuwan da aka haƙo can an zuba su wuri ɗaya an sake binnewa a 1935. Da aka tono su a 2008, bincike ya nuna 10 cikin mutum 25 ba a yankin suka rayu ba, amma bayanin ramin da kowannensu ya fito ya riga ya ɓace.