Na je na ga DeLorean a Los Angeles

A Los Angeles in ba ka da mota, to sai haƙuri. Yayana da na sauka a wurinsa ya tafi aiki da tasa, don haka bas mai lamba 720 na hau, muka miƙe titin Wilshire ana tafiya ana tsayawa har mahaɗarsa da Fairfax. Ba sai an nuna maka gidan tarihin motoci na Petersen ba. Jan gini ne da aka nannaɗe da ƙarafa masu ƙyalli, tun daga nesa yake ɗaukar ido. A da katafaren kanti ne, Robert Petersen mai buga mujallun motoci ya mai da shi haka a 1994, aka sake masa fasali a 2015.

Hawa na uku na nufa, inda motocin finafinai suke. Motar Batman ta 1989 na fara cin karo da ita, baƙa wuluk, doguwa, ta kwanta a ƙasa. Ana ta turereniyar ɗaukar hoto a gabanta. Ni dai ban daɗe ba, don ba ita ta kawo ni ba.

DeLorean ɗin fim ɗin Back to the Future na 1985 na zo gani, wadda muka sha kallo a kaset tana ɓacewa ta bar layi biyu na wuta a kan kwalta. Da na matso sai na ga ashe gajera ce ƙwarai, rufinta bai kai ƙirjina ba. Babu ɗigon fenti a jikinta, zallar ƙarfe ne mara tsatsa, ana ganin sawun goga a kai. Ƙofofinta sama suke buɗewa. Wayoyi sun zagaye ta, a ciki kuma ga allon nan mai jeren kwanan wata uku, ja da kore da rawaya. In ka ƙura ido za ka gane tarkacen lantarki ne aka harhaɗa aka ɗaure, amma an iya haɗin.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, a kasuwa motar nan ba ta yi abin kirki ba. John DeLorean, tsohon babba a General Motors, ya kafa masana'antarta a Dunmurry kusa da Belfast, da kuɗin gwamnatin Birtaniya. An fara fitar da ita a 1981, kafin ƙarshen 1982 kamfanin ya durƙushe, duka-duka kimanin 9,000 aka ƙera. A garin nan na Los Angeles aka kama shi John DeLorean ɗin a 1982 bisa zargin hodar iblis, kotu ta wanke shi a 1984. Ga tsada, ga rashin ƙarfi. Injinta mai silinda shida, wanda ke baya, na haɗin gwiwar Peugeot da Renault da Volvo ne, ƙarfin doki 130 kacal.

A fim sai ta kai gudun mil 88 a awa take tsallake zamani, alhali agogon gudun motar ta gaske a 85 ya tsaya saboda dokar Amurka ta lokacin. Dole aka canza masa fuska. Da farko ma firji marubutan suka yi niyyar amfani da shi, ba mota ba. Da haka aka yi, ban jin yau akwai mai tuna sunan DeLorean in ba masu tara tsofaffin motoci ba.

Ita kanta wannan ta sha wuya. Ta yi shekaru a filin kamfanin finafinai na Universal, rana da ruwa suna dukanta, masu ziyara suna ɓalle mata kaya, kafin a gyara ta a kawo ta nan a 2016.

Da yamma na gangara Fairfax a ƙafa zuwa unguwar Habashawa, inda muka yi da Yaya za mu haɗu mu ci injera. Ina ba shi labarin injin sai ya ajiye lomarsa.

"Kai, da gaske? Wato 'yar'uwar Fijo ce?"

"Wallahi, Yaya, ta wajen inji dai."

"To ai da sun kai ta Kaduna, da makanikan Panteka sun ƙara mata wuta."