Ranar Godiya a Lankasta

Alhamis, 28 ga Nuwamba, 2024

Yau ba ni da aiki. Gidan kula da tsofaffin da nake yi wa aiki ba ya rufewa ko ranar Kirsimeti, amma bana jadawalin ya faɗa kan wasu, ni sai gobe da asuba. A nan Lankasta, jihar Fensilbeniya ta Amurka, gari ya waye da yayyafi mai sanyi, tituna wayam, shaguna a kulle.

Kafin yara su tashi na kira Mama a Garkida. Bakwai na safe a nan, su kuma ƙarfe ɗaya na rana, tana tsakar gida ana sussukar masara, ina jin ƙarar sanduna ta waya.

“Mama, ina wuni? Yaya aiki?”

“Aiki da godiya, ’yata. Yaya maigidan, yaya jikokina? Yau ba ki fita ba?”

Na ce mata hutu ake yi, yau ce Ranar Godiya ta ƙasar baki ɗaya. Ta ce madalla, su ma ranar Lahadi za su yi godiyar kaka a ekklesiya. “To ku me za ku kai?”

“Ba a kai komai, Mama. Taruwa ake yi a gida a ci abinci.”

Ta ɗan yi shiru. “Ikon Allah. A gode wa Ubangiji, kuma a cinye abin?”

Na yi dariya har da hawaye, amma tambayar ta bi ni wuni guda. Don a wurinmu, ranar godiya kaya ake ɗauka. Tun kafin a kaɗa ƙararrawa ta biyu za ka ga mata sun jero da kwanuka a ka, gyaɗa, wake, riɗi, shinkafa mai ɓawo, maza suna turo buhunan masara a kan keke, wani tsoho ya saɓo damin dawa, yaro yana jan akuya tana turjewa a bakin ƙofa. Matan zumunta cikin zanensu iri ɗaya suna buga tulu da kacau-kacau, a kira unguwa-unguwa, kowa ya taka rawa har gaban bagadi ya sauke abin da ya kawo. Wanda ba shi da gona ya sa kuɗi a ambulan. Bayan sujada a yi gwanjo, kaza ɗaya a saye ta a mayar, a sake sayenta a mayar, har kuɗinta ya fi na rago. Akwai nuna isa a ciki, ba na musu, ba a rasa mai kuɗin da ke jira a kira sunansa da lasifika. Duk da haka ba wanda yake komawa gida rumbunsa bai ragu ba.

Wata dattijuwa ce daga cocinmu na ’Yan’uwa ta gayyace mu. Mijinta ya rasu, yarana Kaka suke ce mata, ta kuma koyi amsawa. Na dafa dafa-duka tukunya guda, na ƙunsa yajin ƙuli a jaka, don talotalon ƙasar nan girmansa kawai gare shi, in ba yaji sai ka ce auduga kake taunawa. A hanya muka bi bayan keken dokin mutanen Amish, Kiristocin nan da ba sa tuƙa mota, na ɗan lokaci, maigida yana tsaki a hankali.

Teburin ya cika: talotalo, dankalin Turawa da aka daka da man shanu, busasshiyar masara da aka dafa da madara irin ta mutanen Fensilbeniya, jan miyar ’ya’yan itace mai tsami da zaƙi, sai wainar kabewa. Kafin a taɓa komai muka riƙe hannu, kowa ya faɗi abu ɗaya da yake godiya dominsa. Autana ya ce yana godiya ba makaranta har Litinin.

Babbar ’yata ta kawo labarin da aka koya musu, na 1621, yadda Turawan da suka sauka a Plymouth, a gabar tekun gabashin Amurka, suka yi bikin girbi tare da mutanen Wampanoag, ’yan asalin yankin. Ƙanin Kaka, tsohon malamin tarihi ne, ya ce labarin da gaskiyarsa amma guntu ne, don tun 1970 ’yan asalin ƙasar suke taruwa a Plymouth ɗin a wannan rana suna zaman makoki saboda abin da ya biyo baya. Ya ce shi hutun da muke ciki ya fi alaƙa da 1863, lokacin da Shugaba Abraham Lincoln ya yi shelar ranar godiya ta ƙasa ana tsakiyar yaƙin basasa. Wata uku kacal kafin shelar aka gwabza a Gettysburg, nan kusa da mu, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, inda waɗanda suka mutu da masu rauni da waɗanda suka ɓace suka kai wajen dubu 50. Sai a 1941 majalisa ta tsayar da Alhamis ta huɗu ta Nuwamba. Ya ce har yau yana mamakin shugaban da zai ce wa gwauraye da marayu su yi godiya.

Ni ban yi mamaki ba, na kuma gaya masa dalili. A 2014, shekarar da aka sace ’yan matan Chibok 276, mafi yawansu ’ya’yan ekklesiyarmu ta EYN, wato Ekklesiyar ’Yan’uwa a Najeriya, Boko Haram ta ci Michika, ta ci Mubi, a ƙarshen Oktoba ta shiga hedkwatarmu a Kwarhi har shugabanni suka koma Jos. Mu muka gudu Yola, gona tana tsaye ba a girbe ba. Muna kwance a harabar wata majami’a, abinci sai na agaji. Da lokacin godiyar kaka ya zo, fasto ya ce bana a yi addu’a kawai, ba wanda za a ɗora wa nauyi. Ranar Lahadi sai ga Mama ta auni mudu ɗaya daga masarar agajin da aka raba mana, ta ɗaure a gefen zane. Yayana ya ce, “Haba Mama, mu da muke ci sau ɗaya?” Ta ce masa ita ba ta taɓa zuwa gaban Ubangiji hannu rabbana ba, ba kuma ’yan bindiga ne za su koya mata ba. Da muka shiga, ashe ba ita kaɗai ba ce. An shimfiɗa tabarma a gaba, mata suna zuwa suna juye abin da suka kawo, wata gwangwanin madara ɗaya na wake, wata sabulu. Da yamma aka raba wa waɗanda suka iso a makon, waɗanda ba su ma shiga lissafin agaji ba.

Kaka ta tashi ta shiga kicin, ta daɗe ba ta fito ba. Daga baya na gane cocinmu na nan Lankasta yana cikin masu tara kuɗin agajin Najeriya a wancan lokacin, ita ma ta je ta ji mawaƙan matan zumuntarmu da suka zaga Amurka a 2015. Dangantakar tsohuwa ce: Stover Kulp, ɗan mishan na Cocin ’Yan’uwa wanda shi da Albert Helser suka yi sujadar farko a ƙarƙashin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris, 1923, ɗan wannan jihar ne.

Dole in yi wa mutanen nan adalci, hukuncin Mama bai kama su duka ba. Kafin mu ci wainar kabewa Kaka ta zuba abinci a faranti-faranti ta aiki jikanta gidajen maƙwabtan da ba su da kowa. Manoman Cocin ’Yan’uwa na Amurka ne kuma suka fara kyautar karsana ga matalauta, shawarar wani ɗan cocin mai suna Dan West, aka tura na farko zuwa Puerto Rico a 1944. Abin da ke damuna shi ne gobe. Tun muna kan tebur wayoyi suke ƙara da tallan rangwamen Juma’a, jikar Kaka tana lissafin shagon da za ta fara bi da asuba. Mutum ya gama cewa abin da Allah Ya ba shi ya ishe shi, kafin kwano ya bushe ya shiga layin talabijin. Ni ma akwai tukunyar lantarkin da nake ta leƙawa.

Da dare muka karanta Luka 17 da yara, labarin kutare goma. Na girma kusa da asibitin kutare na Garkida, na san mutanen da yatsunsu suka guntule, don haka ba na saurin zagin taran nan da ba su dawo ba. Mutum ya yi shekaru ba ya taɓa ’ya’yansa, ina zai nufa in ba gida ba? Basamariyen nan ma yana da gida. Ya dai jinkirta murnarsa, ya taka da ƙafarsa ya koma. ’Yata ta tambaya ko Yesu ya mayar wa taran kuturtarsu. Na ce a’a. Ta ce to me suka rasa? Babanta ya ce ta kwana tana tunani.

Na tura wa ƙanena kuɗi ya sayi buhun masara, ya kai da sunan gidanmu ranar Lahadi, na ce kada a kira suna da lasifika. Ya rubuto cewa Mama ta ce buhun saye ba kamar na noma ba ne, amma a kawo. Wata abokiyar aikina kuma tana neman wanda zai karɓar mata daren jajiberin Kirsimeti don ta je wurin mahaifinta da ke asibiti, ta yi mako tana tambaya kowa yana kau da kai. Na rubuta mata na karɓa.

Ƙasusuwan talotalon da Kaka ta ba ni suna firji, Asabar zan yi farfesu. Ƙarfe shida zan karɓi aiki gobe, kuma ɗakin farko na tsohon nan ne mai zagina duk lokacin wanka.