Haɗa tsinkar hannun dama da ligado a jita, abin da na gano

Jitata irin mai tsirkiyar nailan ce, nan Jidda na saye ta, kuma sai bayan isha'i in na dawo daga shugul nake samun zama da ita. Hannun dama ya daɗe da sabawa, babban yatsa na riƙe da tsirkiyoyi uku masu kauri, manuni da na tsakiya da na kusa da ƙarami kowa da tasa, p i m a kamar yadda ake rubutawa. Da atisaye guda 120 na Giuliani, makaɗin jita ɗan Italiya, na 1812 na horar da shi, daga C zuwa G7 a dawo, ya'ani kamu biyu na hannun hagu a kan tsirkiyoyi.

Inda aikin yake shi ne ligado, ya'ani ka tsinki tsirkiya sau ɗaya, sauti na biyu hannun hagu ne zai fitar, ko ya buga yatsa a kai ko ya fizge. Shi kaɗai ba wuya, amma kana sa shi cikin zagayen tsinkar p i m a ɗin nan sai kiɗan ya soma ɗingishi, don hannun dama ya saba kowane sauti nasa ne, yanzu an ce ya tsaya shiru na bugu ɗaya, shi kuma hagu sauri yake ya gama kafin lokacinsa ya yi.

Wani dattijo maƙwabcinmu ɗan Mai Wurno ta Sudan da ke kaɗa ud, molon Larabawa, ya ji ni, ya ce ɗana, ba ƙarfi kake nema ba, ba wa sautin nan haƙƙinsa na lokaci. Wallahi nan maganar take. Na sa metronom na waya, abin da ke ƙirga bugun kiɗa, a bugu 60 a minti, na kama C, babban yatsa ya tsinki tsirkiya ta huɗu a sake, yatsan tsakiya na hagu ya sauka gida na biyu na wuyan jitar daidai kan bugu, dab da ƙarfen da ya raba gidajen, da kan yatsa, ba daga nesa ba.

Fizgewa ta fi cin rai. In ka ɗaga yatsa sama kawai sautin mutuwa yake, dole ka ɗan ja tsirkiyar ƙasa, hagu ma tsinka yake. Ƙaramin yatsa a gida na uku kan ta farko, G zuwa E, shi nake fama da shi yanzu, sauran yatsun kuma kar su saki C, in sun saki bas ɗin, sautin tsirkiyoyi masu kauri, ya yanke. Farcen hagu a yanke shi ƙasa sosai, in ba haka ba bugun ba zai fita tas ba.