Tafiya Bakin Kogin Kaduna Bayan Janyewar Ruwa

A ƙarshen damina, lokacin da Kogin Kaduna ya fara komawa cikinsa, na raka kawuna daga Zariya domin ya duba gidan ƙanwarsa, Gwaggo, da ambaliya ta ci a Rafin Guza. Kawu magini ne na gado, ya tashi a ginin tubali kafin ya koma na bulo da siminti, ni kuwa zanen gine-gine na karanta a Samaru, shi ya sa dangi suka haɗa mu. Mun bi ta Jaji da Mararrabar Jos da Rigachikun muka sauka a Kawo, daga nan keke ya gangara da mu wajen kogi har inda kwalta ta ƙare.

Abin da ya fara tarbar mu shi ne zanen laka da ruwa ya bari a jikin kowace katanga, miƙaƙƙe daga gida zuwa gida, a wasu wuraren iya gwiwa, a gidan Gwaggo kuwa ya kai ƙugu. Ɗakuna biyu na ƙasa sun zube, na bulon yana tsaye amma ya tsage daga linta har ƙasa. Bayan mun yi mata jaje, Kawu ya tsuguna a gindin bangon da ya saura, ya sa makulli ya ɓamɓare shafen siminti, sai ga ƙasar ciki jiƙe sharkaf, ana iya dunƙula ta a hannu. Ya ce mini ruwan sama bai cika kayar da ginin ƙasa ba, ruwan da ya kwanta a gindinsa ne ke cin sa, kuma shafen siminti a kan ƙasa yana tsare danshi a ciki har bango ya ruɓe ba a sani ba. Magabatansu, in ji shi, sukan ɗora tubali a kan harsashin dutse, su kewaye gindin bango da dakali, su yi shafe da makuba, sannan su sa dogon indararo da zai jefa ruwan soro nesa da gini. Da ya juya kan ɗakin bulo, ya tsinci guntu ɗaya ya murza da yatsu ya koma yashi, domin mai buga bulon ya ja buhun siminti fiye da ƙarfinsa.

Ni abin da ya fi tayar mini da hankali daɓen gidan ne. Da na auna, sai na tarar ya fi titin ƙofar gida ƙasa da kusan taku biyu, saboda duk lokacin da aka zuba wa layin ciko yana ƙara tashi, gidajen kuwa suna nan inda aka kafa su. Salga da rijiya kuma suna kusa da juna a kusurwa ɗaya, ruwa ya cika wannan ya juye cikin waccan, kuma ta wannan hanya ce amai da gudawa ke biyo bayan ambaliya. Gwaggo ta nuna mana siminti da bandir ɗin kwano da aka ba ta na agaji, ta ce, "Yaya, so nake a tayar mini da ɗakunan kafin hunturu." Kawu ya ce, "Za a tayar, amma ba a kan wannan daɓen ba." A nan ne na ga gibin da ke cikin agajinmu: ana raba siminti da kwano da tabarmi, amma babu mai zane ko injiniya da ke biyo kayan ya gaya wa mai gida tsayin da ya kamata ya kai harsashinsa, don haka ake sake gina gidan jiya a wurin jiya, a jira ruwan baɗi.

Mun zauna da maginan layin muka tsayar da shawara cewa a cike fili har daɓe ya haura zanen laka, a yi harsashi da dutse da kankare, a ɗaga bakin rijiya a yi masa murfi, a mayar da salga can nesa a gina ta a kan tudu, a kuma ɗaga wuraren jona lantarki zuwa ƙirji. Kuɗin ba zai kai ɗaki biyu ba, sai ɗaya, kuma Gwaggo ta daɗe tana shiru kafin ta amince.

Washegari muka shiga gari. Kogin nan daga tsaunukan Jos yake tasowa, ya ratsa Kaduna ya nufi Shiroro kafin ya faɗa Kogin Kwara, shi ya sa yakan cika ya batse ko da ba a yi ruwa a cikin gari ba. Mutanen Kigo Road da Kabala da Unguwar Rimi da Barnawa har yanzu da ambaliyar Agustan 2003 suke auna kowace ambaliya, sai ta 2012, sannan ta 2022 wadda ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin Nijeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da gidajensu. A gangaren Kigo Road na ga manyan gidaje masu dogayen katangu, an malale tsakar gida da kankare ba a bar wa ƙasa inda za ta sha ruwa ba, kuma zanen laka yana jikinsu kamar yadda yake a Rafin Guza. Kuɗi ba ya raba fadama da ruwanta, kuma kowace katanga da aka gitta a hanyar ruwa, maƙwabci na ƙasa ne ke biyan kuɗinta.

Kaduna gari ne da aka zana kafin a gina. An dawo da hedikwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917, kuma a 1967 masanin tsara birane ɗan Ingila, Max Lock, ya fitar da tsarin da ya hango garin har zuwa 2017. Jama'a sun yi wa wannan tsari yawa, kuma wanda bai sami fili a tudu ba dole ya gangara inda ya fi araha. Saboda haka, duk shekara idan hukumomin hasashen yanayi da na kula da koguna suka yi gargaɗi aka ce mutanen bakin kogi su tashi, ina ganin maganar ba ta cika ba sai an nuna musu inda za su koma, da hanya da ruwan sha da makaranta. A lambun Gamji, kusa da tsohuwar gadar ƙarfen Lugga da aka fara kafawa a Zungeru a 1904, na ƙara gamsuwa cewa bakin kogi ya fi dacewa da lambuna da gonakin rani da filayen ƙwallo, wuraren da ruwa zai hau ya sauka ba tare da an yi jana'iza ba.

Kafin mu kama hanyar Zariya mun biya ta wata makarantar firamare da ke kan tudu, inda waɗanda ruwa ya kora suka yi zaman makonni. Shugaban makarantar ya zagaya da mu ajujuwan da iyalai suka raba da zannuwa, ya nuna mana banɗakuna biyu da mata da maza da yara suka yi ta layi a kansu, da murhun da hayaƙinsa ya baƙanta bangon aji. Ya ce tunda kowa ya san nan za a sake gudowa, me zai hana a gina makarantar da wannan niyya tun farko? Da ya ji aikina, sai ya ce, "Malam, a taimaka mana da zane," ya lissafa banɗakunan mata daban da na maza, da rumfar girki a bayan ajujuwa, da tankin da zai tara ruwan rufi. Kawu ya zaro igiyar awo daga aljihu, na riƙe masa baki ɗaya, muka fara daga katangar yamma inda ƙasa ta fi tashi.